Ba Alƙali, Ba Lambar Yabo: Ƙungiyar Masu Zane ta Paris ta 1884 da Rigimar Wa Ke Tantance Gwani

A watan Nuwamba na 2022, a gidan gwanjon Christie's da ke New York, an sayar da wani ɗan ƙaramin zanen fenti na Georges Seurat a kan dala miliyan 149 da ɗoriya. Tsawonsa santimita 39 ne, faɗinsa 50. Bayan wata shida, a wannan gida dai, wani zanen tsuntsaye a bakin ruwa na Henri Rousseau ya tashi a kan dala miliyan 43 da rabi. Duk sanda irin wannan labari ya fito, tambayar da ke yawo a bakin masu karatu ɗaya ce: wa ya yanke cewa wannan aiki ya kai haka, kuma da wane ma'auni?

Tambayar ta fi ɗaure kai idan aka duba rayuwar mutanen biyu. A 1884 alƙalan babban baje kolin Paris sun mayar wa Seurat aikinsa. Rousseau kuwa ƙaramin ma'aikacin karɓar harajin kayan da ke shiga gari ne, bai taɓa zama a ajin koyon zane ba, kuma shekara da shekaru jama'a na zuwa gaban allunansa musamman don su yi dariya. Abin da ya haɗa su shi ne wata ƙungiya da aka kafa a 1884, Société des Artistes Indépendants, wato Ƙungiyar Masu Zane Masu Zaman Kansu, wadda takenta ya taƙaita a kalmomi kaɗan: ba alƙali, ba lambar yabo.

## Kalmomi uku da ke buƙatar fayyacewa

Ta farko ita ce Salon. Wannan shi ne baje kolin zane-zane da sassaƙa na hukuma a Faransa. Tushensa makarantar sarauta ta zane da sassaƙa ce da aka kafa a 1648, wadda ta fara baje ayyukan mambobinta a 1667. Sunan ya samo asali ne daga wani zaure a fadar Louvre da ake kira Salon Carré, inda aka riƙa yin taron a ƙarni na 18.

Ta biyu alƙalai, wato kwamitin tantancewa da aka shigo da shi a 1748. Aikinsu kashi biyu ne: su zaɓi abin da zai shiga, sannan su raba lambobin yabo. Galibinsu malaman makarantar zane ta gwamnati ne da tsofaffin da suka ci lambobi, don haka malami ne ke yanke hukunci a kan ɗalibinsa da kuma ɗalibin abokin hamayyarsa. Wanda ya tara lambobin da ake buƙata ma ana yafe masa tantancewa daga baya, aikinsa ya shiga kai tsaye.

Ta uku ita ce zanen zamani. A bakin masana, kalmar na nufin sauyin da ya faru tsakanin shekarun 1860 da Yaƙin Duniya na Farko, lokacin da masu zane suka daina ɗaukar kwaikwayon abin da ido ke gani a matsayin iyakar gwaninta. Makaranta tana son a lafe fenti har kada a ga sawun buroshi, a kuma fifita labaran tarihi da na addini a kan hoton mutum, hoton mutum a kan filin daji, filin daji a kan kwanon 'ya'yan itace. Sababbin masu zane suka bar sawun buroshi a fili, suka ɗauko tashar jirgin ƙasa da masu wanki da 'yan shan iska a bakin kogi, daga baya ma suka saki launi da siffa daga kama da zahiri. Abubuwa biyu sun taimaka musu. Kyamara, wadda aka bayyana wa duniya a 1839, ta fara karɓe aikin kwaikwayon fuska. A 1841 kuma John Goffe Rand ya ƙirƙiro kwalin ƙarfe mai matsewa na zuba fenti, abin da ya sauƙaƙa fita da kayan aiki waje a yi zane a ƙarƙashin rana.

## Kasuwa mai ƙofa ɗaya

Dalilin da ya sa hukuncin alƙalai ke da zafi shi ne abinci. A tsakiyar ƙarni na 19 Salon ne babbar kasuwa: dubban ɗaruruwan mutane ke shiga cikin 'yan makonni, jaridu na cika shafuka da sharhi, gwamnati na sayen ayyuka daga can, attajirai na zaɓar wanda zai zana su daga can. Wanda aka mayar wa aiki, ana buga harafin R a katakon bayan allon, alamar an ƙi shi. Mai saye da ya juya allo ya ga wannan tambari yakan janye, ko ya karya farashi.

A 1863 alƙalai suka ƙi fiye da rabin ayyukan da aka kawo, kusan 5,000 ne aka gabatar. Ƙorafi ya kai kunnen Sarki Napoleon na Uku, ya ba da umarnin a baje waɗanda aka ƙi a wani ɓangare na ginin, jama'a su yi hukunci da kansu. A nan aka ga zanen Édouard Manet na masu cin abinci a kan ciyawa, wanda ya ja tsaki da dariya. Wannan rangwamen sarki ne, bai zama doka ba, kuma sunan da aka ba wurin, baje kolin waɗanda aka ƙi, shi kansa abin kunya ne ga mai neman ciniki.

Yunƙuri na biyu ya zo a ƙarshen 1873, lokacin da Claude Monet, Camille Pissarro, Auguste Renoir, Edgar Degas, Berthe Morisot, Alfred Sisley da wasu suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa mai hannun jari. Kowane mamba zai biya faran 60, kuɗin Faransa na lokacin, a shekara. Suka buɗe baje kolinsu ranar 15 ga Afrilu, 1874, a tsohon ɗakin ɗaukar hoto na Nadar, lamba 35 a titin Boulevard des Capucines. Masu baje koli kimanin 30, kuɗin shiga faran ɗaya, masu kallo kusan 3,500 cikin wata guda. Da aka zauna lissafi a watan Disamba, bashi ya fi abin da ke asusu, aka rushe ƙungiyar. Sun ci gaba da baje koli ba tare da ita ba, sau takwas gaba ɗaya zuwa 1886, amma da gayyata ake shiga. Rigimarsu ta yau da kullum ita ce wa za a gayyato, da kuma sharaɗin da Degas ya dage a kai cewa wanda ke cikinsu ba zai kai aiki Salon ba. Renoir da Monet sun karya sharaɗin da yunwa ta matsa. Pissarro kaɗai ne ya halarci duka takwas ɗin.

A 1881 gwamnati ta zare hannunta daga shirya Salon, ta miƙa shi ga ƙungiyar masu zane ta Société des Artistes Français. Da yawa sun zaci sauƙi ya zo. Sai ya zama an gudu ba a tsira ba, domin alƙalan da masu zane suka zaɓa da ƙuri'arsu ba su fi na gwamnati sassauci ba.

## Shekarar 1884

Bayan tantancewar bazarar 1884, waɗanda aka ƙi suka sami izinin amfani da wasu rumfunan katako na wucin gadi a filin tsohuwar fadar Tuileries. Aka buɗe ranar 15 ga Mayu da masu zane kimanin 400. Taron ya tafi a hargitse. Babban allon Seurat na masu wanka a kogi a Asnières, mai mita biyu a tsaye da uku a kwance, an rataye shi ne a ɗakin shan lemo. Lissafin kuɗin shiga ya rikice, masu shiryawa suka kasa bayanin inda kuɗi suka shiga.

Wannan rikicin kuɗi ne ya haifi ƙungiyar. Wasu daga cikin mahalarta suka ga cewa buɗe ƙofa ba tare da tsarin mulki da ma'aji da littafin lissafi ba, ba zai kai baɗi ba. A watan Yuni suka kai takardun kafa ƙungiya gaban lauyan rajista, aka kammala a ƙarshen Yuli. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai Odilon Redon, mai shekara 44, da Seurat mai 24, da Paul Signac mai 20, da Henri-Edmond Cross, da Charles Angrand. Wanda ya fi kowa aiki a kan rubuta dokokin shi ne Albert Dubois-Pillet, hafsa a rundunar tsaron birnin Paris da ke zane a lokacin hutunsa. Manyansa sun umarce shi ya daina, bai daina ba. A 1889 aka mayar da shi garin Le Puy, inda cutar agana ta kashe shi a 1890.

Sashe na farko na dokokin ya faɗi manufar a sarari: an kafa ƙungiyar ne a kan soke alƙalan shiga, domin masu zane su gabatar da ayyukansu ga hukuncin jama'a ba tare da shamaki ba. Babu maganar wane salo ake so. Wannan shi ne bambancinta da 'yan 1874, waɗanda abokai ne masu kusancin ra'ayi. A nan tela mai zane ranar Lahadi da wanda ya gama makarantar gwamnati kuɗin ƙungiya ɗaya suke biya, bango ɗaya suke samu.

Baje kolin farko a watan Disamba na 1884 an yi shi ne da niyyar ba da ribar ga waɗanda annobar kwalara ta shafa. Sanyi ya hana mutane fitowa, riba ba ta samu ba. A 1885 ba a yi komai ba. Daga 1886 ne abin ya tsaya da ƙafarsa.

## Abin da ya shigo ta wannan ƙofa

A baje kolin 1886 Seurat ya kawo allonsa na 'yan shan iska ranar Lahadi a tsibirin Grande Jatte, wanda yanzu yake gidan tarihin zane na Chicago. Ya shafe shekara biyu a kansa, da gwaje-gwaje sama da 50 kafin babban allon. Dabararsa ta ginu a kan binciken masana launi irin su Michel-Eugène Chevreul, wanda a 1839 ya bayyana yadda launi ke sauya kama gwargwadon wanda ke maƙwabtaka da shi. Maimakon a dama launuka a faranti, sai a jera su ɗigo-ɗigo a kan allo, shuɗi kusa da ruwan lemo, ja kusa da kore, a bar idon mai kallo ya haɗa su daga nesa. A aikace dabarar na da cikas biyu. Idan ɗigon launuka masu adawa suka yi ƙanana ainun, daga nesa toka-toka suke bayarwa, hasken da ake nema ya dushe. Na biyu, wani ruwan ɗorawa mai sinadarin zinc da Seurat ya yi amfani da shi a ciyawar allon ya fara komawa ruwan ƙasa cikin 'yan shekaru, har abokansa suka lura tun farkon shekarun 1890. Mai sharhi Félix Fénéon ne ya raɗa wa salon suna Néo-impressionnisme a 1886. Seurat ya rasu a watan Maris na 1891 yana da shekara 31, a daidai lokacin da allonsa na ƙarshe, na 'yan wasan dawaki, ke rataye a baje kolin ƙungiyar bai ƙarasa shi ba.

Rousseau shi ma a 1886 ya fara, kuma ya riƙa kawo aiki kusan kowace shekara har rasuwarsa a 1910. Shi ne hujja mafi ƙarfi a hannun masu goyon bayan tsarin, domin da wuya a sami kwamitin tantancewa na wancan zamani, na 'yan gargajiya ko na 'yan zamani, da zai karɓi aikinsa a 1886. Shekara ashirin na ganin allunansa a bango ɗaya ne ya sa matasa irin su Pablo Picasso da Robert Delaunay suka fara kallonsa da wani ido.

Vincent van Gogh ya baje aiki a 1888 da 1889, sannan alluna 10 a 1890, 'yan watanni kafin rasuwarsa. Henri de Toulouse-Lautrec ya shigo a 1889, Paul Cézanne a 1899, Henri Matisse a 1901. A 1905 Signac da kansa ya sayi allon da Matisse ya kawo. Da shekara ta zagayo, Matisse ya kawo wani mai faffaɗan launi ba ɗigo ko ɗaya, Signac ya ƙi shi ƙwarai, amma doka ba ta ba shi ikon hana shi shiga ba. Signac ya zama shugaban ƙungiyar a 1908, ya riƙe har 1934.

Ƙofar ta amfani wasu rukuni biyu da ba a cika ambata ba. Makarantar zane ta gwamnati ba ta fara karɓar mata ba sai 1897, don haka bai zama da sauƙi mace ta sami malamin da zai tsaya mata a cikin alƙalai ba. Lucie Cousturier, Émilie Charmy, Marie Laurencin da Suzanne Valadon duk sun baje aiki a nan. Haka baƙi: Edvard Munch daga Norway, Wassily Kandinsky da Marc Chagall daga daular Rasha, Piet Mondrian daga Holan.

## Inda tsarin ke ɗingishi

Matsala ta farko yawa ce. A 1905 ayyukan sun haura 4,000, a 1911 sun haura 6,000. Ƙungiyar ba ta da gini nata, tana yawo ne daga ɗakunan renon shuke-shuke na Cours-la-Reine zuwa rumfunan katako da tamfol a bakin kogin Seine, sai a 1920 ta sami gurbi a Grand Palais, babban zauren baje koli na Paris, bayan yaƙi ya dakatar da ita daga 1915 zuwa 1919. Da mambobi suka yi yawa, dole aka riƙa rage adadin allunan da kowa zai kawo. Mai kallo kuwa ba zai iya duba alluna 6,000 a yini ɗaya ba. Yakan shiga da jarida a hannu, ya nufi ɗakunan da mai sharhi ya ambata.

Wannan ya kai mu ga matsala ta biyu, wadda ta fi muhimmanci. An soke alƙalan shiga, amma dole wani ya yanke inda za a rataye kowane allo. Allon da ke daidai tsayin ido a ɗaki mai haske da wanda aka cilla kusa da rufi a lungu duk sun shiga, sai dai ɗaya ne aka gani. Rijiya ta bayar, guga na iya hanawa. Kwamitin rataya, wanda mambobi ke zaɓa, ya zama wurin da iko ya koma. Tun farko Signac da abokansa kan haɗa ayyukansu a ɗaki ɗaya domin su fito a matsayin tafiya guda. A 1911 wasu matasa suka koyi darasin: Jean Metzinger, Albert Gleizes, Henri Le Fauconnier, Fernand Léger da Delaunay suka yi kamfe a babban taron mambobi, suka kayar da jerin sunayen da shugabanni suka gabatar, suka shiga kwamitin, suka tara allunansu a ɗaki na 41. A wannan ɗaki ne jama'ar Paris suka fara ganin salon Kubizim a dunƙule, salon da ke farfasa abu zuwa kusurwoyi yana nuna shi ta fuskoki da yawa a lokaci guda.

Shekara ɗaya bayan haka waɗannan matasa suka yi abin da aka kafa ƙungiyar don a hana. Marcel Duchamp ya kawo allonsa na siffar mutum mai saukowa daga matakala. Gleizes da abokansa suka ga zai jawo wa tafiyarsu ba'a, suka tura 'yan'uwansa biyu, Jacques Villon da Raymond Duchamp-Villon, su roƙe shi ya sauya sunan allon ko ya janye. Ya ɗauki abinsa a tasi ya koma gida. A takarda ba a ƙi shi ba, shi ya janye.

Masu adawa da tsarin su ma sun yi nasu gwaji. A 1910 marubuci Roland Dorgelès ya ɗaure buroshi a jelar wani jaki mai suna Lolo na mai gidan shaƙatawar Lapin Agile a unguwar Montmartre, aka riƙa ba jakin abinci yana kaɗa jela a kan allo, a gaban ma'aikacin kotu da ya rubuta shaida. Aka kai allon baje kolin a matsayin faɗuwar rana a teku, da sa hannun wani Boronali da babu shi. Ya shiga, kamar yadda doka ta tanada. Da asiri ya tonu, ɓangare ɗaya ya ce ga sakamakon rashin alƙali. Ɗaya ɓangaren ya amsa cewa ƙungiyar ba ta taɓa yin alƙawarin inganci ba, bango kawai ta yi alƙawari.

## Sauran hanyoyin da aka gwada

Ba kowane mai son sabon salo ne ya yarda da soke tantancewa ba. A Brussels, ƙungiyar Les XX, wato 'Yan Ashirin, wadda Octave Maus ya jagoranci sakatariyarta daga 1883 zuwa 1893, ta tsaya a kan mambobi 20 da baƙin da suke gayyata. Baje kolinta ƙarami ne, ana iya ganinsa a yini, kuma a nan Anna Boch ta sayi allon gonar inabi na Van Gogh a kan faran 400 a 1890. Amma ita ɗin ce ta ƙi rataye babban allon mambanta James Ensor.

A Jamus da Ostiriya an yi ƙungiyoyin ɓallewa: Munich a 1892, Vienna a 1897 ƙarƙashin Gustav Klimt, Berlin a 1898 ƙarƙashin Max Liebermann. Duk suna da alƙalai, sai dai alƙalan 'yan zamani ne. A 1910 alƙalan Berlin suka ƙi ayyukan matasa 27, waɗanda suka fice suka kafa sabuwar ƙungiya. A ƙarshen 1911 alƙalan wata ƙungiya a Munich suka ƙi wani allon Kandinsky, shi da Franz Marc suka fita suka kafa tasu tafiyar mai suna Der Blaue Reiter. A Paris ma, baje kolin kaka da Frantz Jourdain ya kafa a 1903, wanda ya fito da Matisse da abokansa a 1905 har mai sharhi Louis Vauxcelles ya kira su namun daji, shi ne ya ƙi allunan Georges Braque a 1908. Abin da tarihin waɗannan ƙungiyoyi ya maimaita shi ne cewa ɗan tawayen bana kan zama mai gadin ƙofa cikin shekara goma.

Waɗanda suka kwaikwayi Paris kai tsaye su ne ƙungiyar da Frank Rutter ya kafa a Landan a 1908, da ta New York da ta yi baje kolin farko a Afrilun 1917. 'Yan New York sun yi ƙoƙarin toshe ɓarakar kwamitin rataya: dala 6 kowa zai biya, aiki biyu kowa zai kawo, kuma za a jera su bisa haruffan sunaye, a fara da harafin da aka zaro daga hula, wanda ya zama R. Duchamp, da yake cikin shugabanni, ya aiko da kaskon fitsari na banɗakin maza da sa hannun R. Mutt, tare da kuɗin rajista. Sauran shugabanni suka ƙi nuna shi, ya ajiye muƙaminsa.

Idan aka auna, masu son alƙalai suna da gaskiya cewa jama'a na buƙatar wanda zai tace musu, kuma ƙaramin baje koli ya fi kawo ciniki. Masu adawa da su ma suna da gaskiya cewa mai tacewa da ma'aunin jiya yake aunawa. Abin lura shi ne manyan masu zanen lokacin ba su zaɓi ɗaya ba: Matisse da Braque da Léger suna kai aiki wurin marasa alƙali da bazara, su gwada sa'a wurin masu alƙali da kaka.

## Dillalai sun gaji alƙalai

Wanda ya fi cin moriyar faɗuwar Salon shi ne dillali. Paul Durand-Ruel ya riƙe Monet da abokansa, Ambroise Vollard ya shirya wa Cézanne baje koli shi kaɗai a 1895, Daniel-Henry Kahnweiler ya buɗe ɗan shagonsa a 1907 kuma a baje kolin masu zaman kansu na wannan shekara ya fara sayayya. Rumfunan ƙungiyar sun zama musu kamar kara, inda ake zagayawa a tsinci na kirki da araha. A ƙarshen 1912 Kahnweiler ya ƙulla yarjejeniya da Braque da Picasso cewa duk abin da suka zana shi za su sayar wa, a farashin da aka yanke bisa girman allo. Duk da su biyun ne suka fara salon Kubizim, Picasso bai taɓa buƙatar ɗaki na 41 ba, Braque ma tuni ya daina kai aiki can.

An ga ƙarfin wannan sabuwar kasuwa ranar 2 ga Maris, 1914. Wani rukunin masu zuba jari da André Level ya haɗa a 1904, mai suna La Peau de l'Ours, fatar dabbar da ba a kai ga kashewa ba, kusan abin da Bahaushe ke kira cinikin biri a sama, sun shekara goma suna tara faran 2,750 duk shekara suna sayen ayyukan matasa. Da suka yi gwanjonsu a gidan gwanjon Hôtel Drouot da ke Paris, jarin faran 27,500 ya dawo sama da 116,000. Allon iyalin 'yan wasa na Picasso da suka saya faran 1,000 ya tashi 11,500. Suka ware kashi 20 cikin 100 na ribar suka ba masu zanen, don raɗin kansu. A 1920 Faransa ta mayar da irin wannan doka, inda a lokacin mai zane ko magadansa ke samun kashi 1 zuwa 3 cikin 100 idan aka sake sayar da aikinsa a gwanjo.

Amsar tambayar farko ke nan a aikace. Farashin Seurat da Rousseau bai fito daga hukuncin kwamiti ɗaya ba. Ya taru ne daga sarƙar mutane: abokan sana'a da suka gani a bango, mai sharhin da ya rubuta, dillalin da ya saya ya ɓoye, attajirin da ya tara, gidan tarihin da ya karɓa ya rage abin da ya saura a kasuwa.

## Abin da wannan ke nufi ga mai zane da mai kallo

Ga matashin da ke neman inda zai nuna aikinsa, tarihin ya bar tambayoyi na zahiri da ya kamata ya yi kafin ya biya kuɗin rajistar kowane baje koli: wa ke zaɓar kwamitin rataya, ta yaya ake raba bango, nawa ne la'adar masu shiryawa idan an yi ciniki, wa ke duba littafin ma'aji, wa zai biya idan allo ya lalace a hanya. Baje kolin da ba ya tantancewa da kuɗin mahalarta yake rayuwa, don haka yawan mahalarta riba ce ga asusu ko da ya rage damar a ga aikin kowane ɗaya. Ƙungiyar Paris tana nan har yau, tana baje koli duk shekara tare da wasu tsofaffin ƙungiyoyi a ƙarƙashin taron Art Capital, amma tun bayan shekarun 1920 sababbin salo sun fi fitowa ta shagunan dillalai.

Rigimar wa ke da ikon cewa wannan shi ne zane mai kyau ta taɓa tashi a Zariya ma, ta wata fuska dabam. A 1958 wasu ɗaliban sashen zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, cikinsu har da Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar zane ta Zariya. Su ba alƙalan baje koli ne matsalarsu ba, manhaja ce irin ta makarantun Ingila da ba ta ba zane-zanen gargajiyar ƙasar nan gurbi ba. Matsayinsu shi ne a haɗa dabarun da aka koya a aji da abin da kowa ya taso ya tarar a garinsu. Ƙungiyar ta watse a 1961 da jagororinta suka gama karatu, kuma bayan 'yan shekaru Grillo ya zama shugaban farko na ƙungiyar masu zane ta Nijeriya.